Sojan da Unguwa Ta Sani

Wanda ya fito daga cikin birnin Kano ya miƙi titin Katsina zai wuce ta gefen Barikin Bukavu, sannan Kurna, sannan Rijiyar Lemo, sai Bacirawa a ƙaramar hukumar Ungogo, sai Miltara, har ya dangana da kasuwar hatsi ta Dawanau. Dubban mutane ne ke bin wannan hanya kullum, a Adaidaita Sahu da bas da manyan motocin dakon kaya, kuma sunan Bukavu ya zauna a bakinsu kamar sunan tasha. Ƙalilan ne a cikinsu za su iya cewa Bukavu gari ne a gabashin Kwango, a bakin tafkin Kivu, kuma barikin ya samo sunan ne daga aikin wanzar da zaman lafiya da sojojin Najeriya suka je yi a ƙasar ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964.

Sunan garin da aka yi aikin ya tsira. Ina sunayen waɗanda suka yi aikin?

Haka abin yake kusan ko'ina a ƙasar nan. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, duk sunaye ne da aka kwaso daga fagen fama na ƙasar Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. Manyan sojoji ma ba a bar su a baya ba. Janar Murtala Muhammed, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka binne shi a Kano, yana da asibiti a birni, yana da filin jirgin sama a Legas, hotonsa na kan naira ashirin. Birgediya Zakariya Maimalari yana da bariki a Maiduguri, Samanja Chari Maigumeri yana da nasa a Lokoja. Babu mai jayayya da cancantarsu. Amma yaƙi ba da hafsoshi kaɗai ake yin sa ba. Akwai kurtu da kofur da saje, akwai direba da mai dafa abinci da mai ɗaukar kaya, kuma mafi yawansu daga ƙauyuka da unguwanni irin Bacirawa suka fito, wuraren da gona ke manne da gona, gida ke manne da gida, inda ɗan da ya tafi soja ke rage wa mahaifinsa bakin ci ɗaya, ya kuma rage masa hannun noma ɗaya.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, gwamnati na yin bikin tunawa da mazan jiya. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yi, kamar sauran ƙasashen da Ingila ta mulka, daga baya aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Shugaban ƙasa a Abuja, gwamnoni a jihohinsu, ana fareti, ana ajiye furanni, a yi harbin girmamawa, a saki fararen tattabaru, duk a gaban abin da ake kira kabarin sojan da ba a san shi ba. Ga gwamnati wannan lafazi yana da ma'ana, domin ba ta iya lissafa kowa a wuni guda. A unguwa kuwa babu sojan da ba a san shi ba. An san gidansu, an san zauren da ya yi karatun allo, an san ranar da aka raka shi tasha zai tafi horo Zariya, an san ranar da aka zo da labari mata suka fara salati a cikin gida. Abin da unguwa ba ta yi ba shi ne rubutawa. Duk wannan sani yana kan harshen tsofaffi ne, kuma tsofaffin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Dangantakar Bahaushe da kaki ta girmi Najeriya kanta. Rundunar sojan ƙasar nan tana ƙirga asalinta daga 1863, lokacin da Laftanar John Glover ya haɗa wata 'yar ƙaramar runduna a Legas da mutanen da aka riƙa kira Hausawan Glover. Shekaru da dama Hausa ce harshen bariki, kuma har a Gwalkwas, wato Gana ta yau, taken rundunarsu da Hausa yake: Kullum Shiri. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, Turawa sun bi hanyar da suka saba wajen karɓar haraji: daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa. Wasu samarin da ƙafarsu suka je, saboda albashi ko sha'awar ganin duniya. Wasu kuwa nuna su aka yi. A daidai wannan lokaci ake diban gwamna, ana kwasar majiya ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, ana matsa wa manoma su ƙara gyaɗa, filin jirgin saman Kano kuma ya zama zango ga jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi a wuce da su ta Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Ƙasar Kano ta ba da amfanin gonarta, ta ba da sararin samaniyarta, ta ba da 'ya'yanta.

Dubun-dubatar 'yan Najeriya ne suka tsallaka teku. Wasu sun fara da Somaliya da Habasha, inda suka fafata da sojojin Italiya a 1941. Daga baya aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su Indiya, daga nan Burma. A kwarin Kaladan da yankin Arakan, inda daji ya yi duhu, tsaunuka suka hana mota shiga, da ka aka riƙa ɗaukar harsasai da abinci da sassan igwa, sauran kuma a jefo musu daga jirgin sama. Bataliya uku ta sojojin Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga cikin dakarun Chindit na Janar Orde Wingate da aka sauke a bayan sansanonin Japan a 1944. A watan Janairun 1945 sojojin Afirka ta Yamma suka karɓe garin Myohaung. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Challawa ba, ga shi ya yi makonni a kan teku, ga shi cikin damina mai ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga zazzaɓi da atuni da matsattsaku, ga abokin gaba da ba ya miƙa wuya. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya gaishe su. A gida, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana kawo labarin yaƙin, mai karatu ɗaya yana karanta wa jama'a a gindin bishiya. Da suka dawo, Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja.

Waɗanda ba su dawo ba fa? A maƙabartar yaƙi ta Taukkyan, kusa da Yangon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da suka mutu a Burma ba a san kabarinsu ba, kuma a cikinsu akwai na 'yan Afirka ta Yamma. Ke nan yana yiwuwa a ce sunan wani ɗan ƙasar Kano yana sassaƙe a jikin dutse a nahiyar Asiya, alhali jikokin ƙannensa a gida ba su san an taɓa yin sa ba. Da yawa daga na Yaƙin Duniya na Ɗaya ma ko wannan ba su samu ba. A watan Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto da ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, ƙila ma har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a tuna da su ta kowace hanya ba, saboda wariyar launin fata ta jami'an wancan zamani. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri. A Janairun 2025 hukumar ta buɗe wani wurin tunawa a birnin Cape Town mai sunaye fiye da 1,700 na baƙaƙen fata ma'aikatan ƙarfi da aka manta da su fiye da shekara ɗari. Idan waɗanda suka yi sakacin sun fara gyara, iyalan waɗanda aka yi wa sakacin ba su da hujjar zama.

Bayan Burma an yi Kwango. Bayan Kwango aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, lokacin da rundunar da ba ta wuce kimanin mutum 10,000 ba ta kumbura zuwa kimanin 250,000, yawancinsu samarin da aka ba horo na gaggawa aka tura filin daga. An je Lebanon, an je Laberiya a 1990 da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, an je Darfur. Tun 2009 kuma yaƙin ya dawo gida: Borno da Yobe, sannan dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. An san sunan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, domin jaridu sun ɗauka. Sojojin da suka kwanta dama a Metele a Nuwamban 2018, mutum nawa ne zai iya kawo sunan ko da ɗaya daga cikinsu? Da yawa daga irinsu a maƙabartar Barikin Maimalari aka binne su, nesa da mahaifa, iyaye ba su ga gawa ba, sai dai aka yi zaman makoki aka watse, matar ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga nan ta shiga zaryar neman haƙƙin mijinta da takardu a hannu.

Masu rai ma ba su huta ba. A Janairun 2025 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar ma'aikatar kuɗi ta tarayya a Abuja suna neman a biya su haƙƙoƙinsu, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Duk wanda ya san kasuwannin Kano da ofisoshinta ya san dattijon nan mai tsohuwar hular ƙungiyar mazan jiya da ke gadin ƙofa. Mutane na wuce shi ba sallama, ba su san ƙasashen da ya taka ba.

Da zarar an ambaci yi wa sojoji abin tunawa a ƙasar Hausa, abu biyu ne ke tasowa, kuma dukkansu ba abin rainawa ba ne.

Na farko addini. Musulmin Bacirawa ba zai yarda a kafa masa mutum-mutumi a dandali ba, ba zai yarda a yi gini a kan kabari ba, ajiye fure a gaban dutse kuma baƙon abu ne a wurinsa. Yana da gaskiya, kuma babu dalilin tilasta masa. Sai dai kiyaye suna ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Littattafan sira sun jero sunayen waɗanda suka halarci Badar da waɗanda suka yi shahada a Uhudu, kowa da danginsa, alhali kaburburansu a share suke ba ado. Malaman jihadin Sakkwato sun bi wannan sawu: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri da Malam Abdullahi na Gwandu a Tazyinul Waraƙati sun rubuta yaƙe-yaƙen da aka yi da mutanen da aka rasa. Malamai kuma na karantar da labarin sahabi Sa'adu ɗan Ubada, wanda ya haƙa rijiya sadaka ga mahaifiyarsa bayan rasuwarta, aka riƙa kiran rijiyar da sunanta. Mutanen Kano sun fi kowa sanin yadda rijiya ke riƙe suna. Maƙwabciyar Bacirawa Rijiyar Lemo ce, a can gefe ga Rijiyar Zaki, a cikin ganuwa ga Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu. Rijiyoyin sun zama unguwanni, sunan bai gushe ba. A Amurka ma, wurin tunawa da ya fi jan jama'a game da yaƙin Biyetnam, wanda aka buɗe a Washington a 1982, bango ne na baƙin dutse mai sunaye fiye da 58,000. Abin da mutane ke zuwa nema shi ne sunan nasu, su ɗora yatsa a kai.

Na biyu ya fi nauyi. Akwai masu cewa me ya sa za a karrama kaki, alhali kakin nan ne ya fasa ganuwar Kano? Tarihi na bayansu. Ranar 3 ga Fabrairu 1903, rundunar da Kanar Morland ya jagoranta ta ci Kano lokacin da Sarki Alu yake hanyar dawowa daga Sakkwato, kuma sojojin da suka yi harbin 'yan Afirka ne, da yawansu masu jin Hausa. Makonni kaɗan bayan haka Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi tare da jama'arsa, waɗanda su ma mazan jiya ne, su ma sun cancanci a san sunayensu. Ba a tsaya a 1903 ba. Mutanen Tudun Biri a Kaduna ba za su manta daren 3 ga Disamba 2023 ba, lokacin da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi ya kashe aƙalla mutum 85. Yaƙin basasa kuma ya bar tabo a gidajen da ke Sabon Gari kamar yadda ya bari a na cikin birni. Mai wannan rubutu ba ya ganin ya kamata a binne ko ɗaya daga cikin waɗannan. Laifin umarni yana kan wanda ya ba da umarni, laifin ta'asa yana kan wanda ya aikata, kuma a ci gaba da neman a hukunta su. Amma yaron da ya bar gonar ubansa yana ɗan shekara ashirin, ya tare hanya a Damboa ko Marte don kada a shigo gari, aka kashe shi a can, bai ci bashin 1903 ba. Rubuta sunansa shaida ce cewa an haife shi a nan, ya tafi, bai dawo ba. Ba wanke wata hukuma ba ne.

To me Bacirawa za ta iya yi da hannunta, ba tare da jiran kwangila daga Abuja ko gidan gwamnati ba?

Abu na farko littafi ne. Dagaci da masu unguwanni, limaman masallatan Juma'a, shugabannin reshen ƙungiyar mazan jiya, da malaman makaranta biyu ko uku masu kyawun rubutu, sun isa su zauna su tsara shi. A bi gida gida. A rubuta sunan soja da na mahaifinsa, shekarar da ya shiga, lambarsa idan an samu, inda ya yi aiki, da inda ya rasu ko ya yi ritaya. A cikin adakar tsofaffin mata da ƙasan akwatuna akwai takardun sallama da gara ta fara ci, akwai lambobin yabo da suka yi tsatsa, akwai hotuna masu launin ƙasa. Wayar hannu ta isa a ɗauki hoton kowanne a mayar wa mai shi abinsa. Waɗanda suka yi yaƙin Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu na nan. Waɗanda suka yi yaƙin basasa kuwa, ƙaraminsu ya haura saba'in, don haka naɗar muryoyinsu aikin bana ne, ba na baɗi ba. Ɗaliban sashen tarihi na Jami'ar Bayero da ke neman abin da za su yi bincike a kai ga shi a ƙofar gida, kuma idan an gama a ajiye kwafi a Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama, wani a Gidan Arewa da ke Kaduna.

Wajibi ne littafin ya zama na kowa. Bacirawa ta yau ba ƙauyen da ba ce. Birni ya cim mata, gonakin gero da dawa da a da ake kai wa taki a kan jakuna suna ta komawa filaye da gidaje, baƙi daga jihohi da dama sun zauna sun hayayyafa. Duk wanda ya fita daga unguwar ya sa kaki, Musulmi ne ko Kirista, ɗan asali ne ko mazauni, a sa shi. A sa ɗan sanda, domin Kano ba ta manta 20 ga Janairu 2012 ba, ranar da hare-haren Boko Haram kan ofisoshin 'yan sanda da na wasu hukumomi suka hallaka mutane kimanin 185. Ranar da aka fara tace sunaye bisa addini ko ƙabila ko jam'iyya, aikin ya lalace.

Abu na biyu shi ne wurin da sunayen za su zauna a idon jama'a. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da ɗan bango a gefenta an rubuta sunaye da boko da ajami, ta fi duk wani ginshiƙin siminti da za a kewaye da waya a kulle. Ajin makarantar firamare ma zai yi, ko layin darbejiya da mangwaro a gefen maƙabarta. Yarinyar da ta zo ɗiban ruwa da safe za ta karanta sunan kakanta, mai wucewa zai sha ya yi addu'a. Unguwar da ke iya haɗa kuɗin gina masallaci da gyaran taransifoma da sayen filin maƙabarta ba za ta gaza wannan ba.

Na uku shi ne wanda ya fi wuya, domin ba a gama shi a rana ɗaya: zawarawa da marayu. Littafin da aka rubuta zai nuna gidan da aka bar yara ƙanana, da gidan da takardun fansho suka maƙale. Kuɗin makarantar yaro ɗaya, buhun gero da kaka, ko wani mai ilimin boko da zai raka matar mamaci ofis ya cike mata takarda, duk suna cikin ƙarfin unguwa. Masu zakka da ke neman inda za su kai, ga wuri. 'Yan siyasar da ke sayen tambarin mazan jiya da miliyoyi a gaban kyamara kowace shekara, a nuna musu littafin su ga inda kuɗin ya kamata ya sauka.

Ranar 15 ga Janairu za ta sake zagayowa, za a yi fareti a saki tattabaru kamar kullum. Kiran yana ga dagacin Bacirawa da masu unguwanninsa, da limamai, da shugabannin ƙaramar hukumar Ungogo, da matasan da ke da ƙungiyoyin ci gaban unguwa: kafin wannan rana a sayi littafi, a zaɓi masu bi gida gida, a fara da gidan tsohon sojan da ya fi kowa shekaru. Ranar Juma'ar da ta fi kusa da bikin, bayan an idar da salla, a karanta sunayen da aka samu a bainar jama'a, a yi wa waɗanda suka rasu addu'a, a gaishe da waɗanda ke raye. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya raya abin da suka bari.